Katin Mai Agogo

Litinin, 3 ga wata, 8:15 na safe

Mutum goma sha tara yau. Duk sun haɗiye a gabana.

Inna ce ta saya mini littafin nan. Ta ce tunda na koma bebiya in na dawo daga aiki, gara in riƙa faɗa wa takarda. To, ga shi.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin masu tarin fuka, ɗaki na ƙarshe a bayan asibiti, kusa da tankin ruwa. Aikin ba wuya. Mai ciwo ya zo da safe, in zuba masa ƙwayoyinsa a tafin hannu, in miƙa masa kofi, in kalli maƙogwaronsa ya motsa. Sannan in ce, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." In na ga wayam sai in yi maki a katinsa, gida ɗaya na rana ɗaya, har wata shida. Ciwon nan in aka yi masa shan wasa, yau a sha gobe a bari, ko a rage, sai ya saba da maganin ya daina jin sa. Shi ya sa har Asabar da Lahadi nakan leƙo, kuma ban taɓa yin makin abin da idona bai gani ba. Sista Ɗaga-harshe suke ce mini a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba.

Mai Agogo ne na farko kullum. Gyaran agogo yake yi a bakin tasha, ko da yake ya ce waya ta kashe masa kasuwa. Yana wata na uku, ƙwaya huɗu, kilo hamsin da shida. Bakwai daidai yake sallama, kuma duk Litinin sai ya hau kujera ya gyara agogon bangonmu, wai yana lattin minti huɗu. Matarsa Shugaba yake ce mata. Ban taɓa ganin ta ba, amma na san duk dokokinta.

"Shugaba ta ce in gaishe ki, ta ce kin fi ta mugunta," ya ce.

Na ce ya ɗaga harshe.

An kira taro ƙarfe goma a kan sabon ciwon nan da rediyo ke ta faɗa.

Laraba, 5 ga wata, 2:00 na rana

Mutanen babban asibiti sun kwashe mana takunkumi, kwali shida, sun bar rabin ɗaya. Sun ɗauki na'urar gwajin kaki, wai ita ma tana iya gane sabon ciwon in an canza mata kaya. Mai Lab, wanda ke yi mana gwajin, ya bi ta har mota yana cewa a riƙe ta a tsaye.

Na tambayi Likita da me za mu gwada masu tari. Ya ce, "Sista, ana babbakar giwa wa yake jin ƙaurin ɓera?" Ya yi dariya shi kaɗai, idonsa ja wur.

Juma'a, 7 ga wata, 1:30 na rana

Takarda ta zo daga sama. A ba kowa maganin sati huɗu ya tafi gida, kada a tara mutane a benci. Ni kuma daga Litinin ina bakin get.

Na ce wa Likita wa zai ga sun sha. Ya ce a nemi wani a gida ya riƙa gani, ni in bi su ta waya in cike kati. Na ce kati ba a cike shi da kunne. Ya ce in ina da wata dabarar in kawo, sai aka kira shi.

Na ƙirga wa kowa nasa, na ce ranar dawowa su zo mini da ɓawon, wato takardar azurfar da aka ɓalle ƙwayoyin daga ciki. Mai Agogo ya jera nasa a tsohon gwangwanin alawa.

"Baba, wa zai gan ka kana sha?"

"Shugaba mana. Ai ita ko numfashi na yi sai ta sa hannu. Kuma bakwai daidai zan kira ki, ki ji da kunnenki."

"Gani ya kori ji."

"To in babu ganin fa, Sista? Da babu gara ba daɗi."

Asabar, 8 ga wata, 7:05 na safe

Ya kira. Ya kara wayar a wuyansa, na ji ƙwat, ƙwat, ruwa na wucewa. Wata murya daga nesa ta ce, "Ya ɗaga harshen, Sista, na duba!" Suka yi ta dariya.

Na daɗe riƙe da biro. Na yi makin.

Litinin, 10 ga wata, 5:00 na yamma

Bakin get. Farar riga ta leda, takunkumi biyu, na'urar auna zafi. Goshi ɗari biyu da wani abu.

Alhamis, 13 ga wata, 4:20 na yamma

Wata mata ta zo karɓar maganin sukari. Na ɗora mata na'ura ta yi ƙara, sai kuma ta yi tari. Doka ta ce zafi da tari, a cike jar takarda a kira lamba. Na cike, na kira.

Farar mota ta zo cikin minti ashirin. Matar ta ce tarin nan nata ya shekara, hayaƙin girki ne. Ta ce a bari ta kai cefane gida. Ba a bari ba. Ledar cefanenta tana nan jikin get, tumatir ya fara ruwa.

Duk masu layi sun gani. Kafin in juyo rabin layin ya watse.

Asabar, 15 ga wata, 6:00 na yamma

Na koma kwana a ɗakin ajiyar gidanmu, kada in shafa wa kowa. Inna tana aje mini abinci a bakin ƙofa kamar mai ciyar da kyanwa. Ta ce a unguwa ana cewa wanda farar mota ta kai sansani ba a ziyartar sa, in ya mutu ma ba a ba da gawarsa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ni goshi kawai nake aunawa.

Cikin goma sha tara, takwas ke ɗaga waya. Mutum ɗaya ne ke kira da kansa.

Talata, 18 ga wata, 7:04 na safe

Ya kira. Ya sha. Na yi maki.

An yi tari a bayansa. Wataƙila maƙwabta ne, gidan haya suke.

Laraba, 19 ga wata, 3:00 na rana

Yau ranar rigakafin yara. Da, sai an ƙaro benci daga ɗakin haihuwa. Yau uwa biyu suka zo, aka ce su koma, firjin allurar an cika shi da kwalaben gwajin sabon ciwo. Ɗaya ta ce daga nesa take, mota biyu ta hau. Na auna goshinta da za ta shiga, na kuma auna da za ta fita, ban san dalili ba.

Rediyo ya ce mutum arba'in da ɗaya suka kamu jiya. Kullum da yamma sai an karanta lambar, Inna ta ƙara murya don in ji ta ƙofa.

Asabar, 22 ga wata, 7:06 na safe

Ya kira. Ƙwat, ƙwat. Shugaba ba ta yi magana ba yau.

Tarin dai. Mai zurfi, irin wanda ke ƙarewa da jan numfashi. Shekara goma sha ɗaya ina jin irinsa.

Layin ba kyau. Na yi maki.

Litinin, 24 ga wata, 5:30 na yamma

Goshi. Wanke hannu. Goshi. Jar takarda uku.

Fatar bayan hannuna ta tsage. Ba ta yi mini zafi, sai na ga jini a safar hannu nake tunawa.

Alhamis, 27 ga wata, 1:00 na rana

Na tare Mai Lab a bayan tanki yana cin burodi a tsaye. Na ce da a ce, misali, akwai mai tari a gidan wani mai shan maganinmu, ba yadda za a yi a gwada kakinta a ɓoye?

Ya ce na'ura tana babban asibiti, layin kwalabe ya kai kwana tara, kuma duk kwalbar da ta shiga sai da jar takarda. Jar takarda kuwa farar mota ce.

"Wace ce?" ya ce.

Na ce misali na ce.

Lahadi, 30 ga wata, 7:10 na safe

Ya kira. Yau kamar a cikin kunnena aka yi tarin. Bayan nan bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin agogunan ɗakinsu suna ta ƙas-ƙas.

"Sista, kina ji na?"

"Ina ji, Baba. Sai gobe."

Akwai jar takarda guda a jakata. Na fito da ita, na mayar.

Talata, 2 ga sabon wata, 6:15 na yamma

Inna ta ce ta ƙofa, "Yau kwana nawa ba ki tsare ni a kan maganin hawan jini ba? Da, har ƙarƙashin harshena kike leƙawa kamar mai neman allura." Na ce na yarda da ita. Ta ce ita kuwa ba ta yarda da wannan sabuwar yardar tawa ba.

Matar nan mai sukari, an ce ba sabon ciwon ba ne. An ce kuma ba ta fito ba. Ban tambayi yadda biyun suka haɗu ba.

Juma'a, 5 ga wata, 12:40 na rana

Ranar karɓar magani. Ɗakinmu na masu tarin fuka ya zama sito, kwalayen fararen riguna har rufi. Ta taga na raba, na fito da sikeli waje. Mutum sha ɗaya suka zo cikin goma sha tara. Na sati biyu kawai na ba kowa, saboda kayan da muke jira ba su iso ba, an ce iyakoki a rufe suke.

Mai Agogo bakwai daidai. Kilo hamsin da huɗu. Na ce ya sauka ya sake hawa. Hamsin da huɗu.

Ya buɗe gwangwani. Ɓawo cif, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Sai dai kowane ɓawo an raba shi biyu da almakashi, yanka miƙaƙƙe irin na mai gyaran agogo. Ƙulli biyu ya yi, ɗaya da jan zare, ɗaya da baƙi.

Na ƙirga. Lissafi ya fita daidai.

"Shugaba fa?" na ce.

"Tana nan, tana mulki daga kwance."

Ya tsaya yana kallona ta saman takunkumi. Na so in ce ya sha na yau a gabana, amma an hana kowa sauke takunkumi a harabar asibiti, kuma ya ce ya riga ya sha. Ya leƙa ta taga ya ce agogonmu ya tsaya, batir ne. Na ce ba a shiga. Daga get aka ƙwala mini kira, na tafi.

Lahadi, 7 ga wata, 7:03 na safe

Ya kira. Tari. Maki.

Litinin, 8 ga wata, 7:05 na safe

Ya kira. Maki.

Talata, 9 ga wata, 9:00 na safe

Bai kira ba. Na kira sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Na bar gidan yau na katinsa fari.

Laraba, 10 ga wata, 7:02 na safe

Ya kira. Bai kara wayar a wuya ba, "Na sha" kawai ya ce. Na ce jiya fa? Ya ce jiya ma ya sha. Na yi maki biyu.

Ba tari a bayansa. Na ce a raina ta samu sauƙi. Na rubuta shi nan don in ga yadda yake a rubuce.

Asabar, 13 ga wata, 5:45 na yamma

Rediyo ya ce lamba ta fara sauka. Inna ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Na nemi farin ciki a jikina ban samu ba, na nemi baƙin ciki shi ma babu. Na wanke fararen safa na shanya.

Talata, 16 ga wata, 7:01 na safe

"Na sha." Maki. Agogunan kawai ake ji.

Juma'a, 19 ga wata, 2:30 na rana

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Ya zo bakwai. Kilo hamsin da ɗaya, ya ƙara wa bel ɗin wandonsa huda. Ya zauna a benci kusa da tanki ya buɗe gwangwani a cinyarsa. Ƙullin baƙin zare ɓawo ne. Ƙullin jan zare akwai magani a ciki.

"Ga nata," ya ce. "Na kwana goma sha ɗaya, ƙwaya ashirin da biyu. Ki ba wani."

Na ce nata wa.

"Shugaba. Ranar Talatar nan da ban kira ba. Da asuba ta cika."

Na yi masa gaisuwa. Na ji bakina yana faɗin abin da ake faɗa, Allah ya ji ƙanta, Allah ya ba da haƙuri. Ya amsa.

Ya ce tun satin da aka ba su magani su tafi gida ta fara tari da zufa. Ya gane ciwon, ai shi ya kawo mata shi gida. Ya ce su zo asibiti, ta ce ita ba za ta shiga farar mota ba, in mutuwa ce ta same ta a ɗakinta. Sai ya duba gwangwani ya ga huɗu ne kullum. Biyu nasa, biyu nata. Shi yake zuba mata a hannu, ya ce ta buɗe baki, ta ɗaga harshe, yadda ya koya a wurina.

"Shekara talatin da ɗaya ko ƙwai ɗaya ne rabawa muke yi, Sista. Ta yaya zan sha huɗu tana kallona?"

Na ce to bayan ta rasu fa, me ya hana shi komawa huɗun?

"Na gwada. Hannuna ya ƙi zuwa kan jan zaren."

Na fara yi masa bayanin abin da rabin magani ke yi. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce ya sani, na faɗa masa tun ranar farko.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ban rantse ba za ki ji ba. Kullum in zan kira ki sai in matsa bakin gadonta da wayar. Na ce Sista kunnenta ya san tarin nan, za ta tambaya. In kika tambaya, ba ni na faɗa ba."

Ba da faɗa ya faɗe shi ba. Yana magana yana daidaita bakin zaren.

Na ba shi kwalba ya yi kaki a bayan tanki. Daga get aka ƙwala mini kira. Na je na auna goshi har ƙarfe biyu.

Asabar, 20 ga wata, 4:00 na yamma

Mai Lab ya karɓi kwalbar bai tambaye ni komai ba. Ya ce layi ya ragu, kuma yana da aboki a can, zai saka ta tsakanin na wasu ba tare da jar takarda ba. Na ce da ana iya haka tun wancan watan? Ya ce, "Wancan watan misali kika ce."

Na ce wa Mai Agogo ya riƙa zuwa bakin tanki da safe kafin in hau get. Yau huɗu ya sha, a gabana, ya juya wa mutane baya. Ban yi maki ba, na ce sai sakamako ya fito in san katin da zan buɗe masa.

Lahadi, 21 ga wata, 6:30 na yamma

Rediyo ya karanta jimillar waɗanda ciwon nan ya kashe tun farko. Na saurara har ƙarshe. Shugaba ba ta ciki, ba inda za a sa ta. Ba ta da kati a wurina, ban ma san sunanta na yanka ba.

Inna ta ce me ya same ni. Na ce gajiya ce. Ta ce gajiya ba ta hana mutum taɓa abinci kwana biyu.

Alhamis, 25 ga wata, 1:15 na rana

Sakamako ya zo, Mai Lab ya ja layi da jan biro a ƙasa. Ciwon ya daina jin maganin.

Na kai wa Likita. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau. Ya ce a tsayar da huɗun nan, ba abin da za su ƙara sai ɓarna. Irin wannan sai ɗakin musamman na babban asibiti, magani daban, wata da watanni. Ɗakin kuwa an zuba masu sabon ciwo a ciki, maganin ma yana cikin kayan da ba su iso ba. Zai rubuta sunansa a jerin masu jira.

Ya jawo katin ya duba. "Ikon Allah. Ga mutum bai taɓa fashi ba ko na rana ɗaya."

Na ce ni na cike shi. Ya ce ya sani, ai rubutuna ne. Na ce ba abin da nake nufi ke nan ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu ya fita.

Na kira Mai Agogo na gaya masa duka. Na ce ba sai ya zo gobe ba, in an samu gado zan neme shi. Ya ce to.

Juma'a, 26 ga wata, 7:40 na safe

Bakwai daidai na same shi a benci. Ya kawo batir a aljihu, ya miƙo mini ya ce in sa wa agogon in na samu shiga, in ƙara masa minti huɗu.

Na ce, "Baba, ai na ce ka huta."

"Ƙafa ta saba, Sista. Gidan kuma ya yi mini yawa."

Ya zauna, ya miƙo tafin hannu. Ina jin bai ma san ya miƙo ba. Ba ni da abin da zan zuba a ciki. Na tari ruwa a tanki na ba shi kofin, ya sauke takunkumi ya sha, na kalli maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya buɗe baki ya ɗaga harshe, ban ce ya yi ba.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

Da ya tafi na fito da katinsa na ƙirga daga ranar takwas ga wancan wata. Maki arba'in da biyu, duka da birona, ko ɗaya ban gani ba. Na zauna a bencin, inda ya tashi, wurin da sauran ɗumi. Ana ta ƙwala mini kira daga get.

Yau ban je ba. Ina nan zaune, batirin yana hannuna.